Rabin Lita

Shekara talatin da ɗaya Baba Abari yana tura kura
daga famfon Garin Malam zuwa lungunan Birni,
jarka goma, ran da ƙarfi ya zo sha biyu.
Ya san gidan da randarsu ke yoyo,
ya san mai biya ran Alhamis, ya san wadda ba ta biya sam.
A Damagaram, inda ruwa ke zuwa kamar baƙo mai kunya,
ya shigo tsakar dare, ya sulale kafin asuba,
Baba ake jira.

Yau ga shi a tabarma, ga gora kusa da shi,
an ja mata layi da alƙalami a ciki.
Nan za ka tsaya, Baba. Rabin lita, daga safiya zuwa safiya,
har da kunu, har da romo.
Ni na ja layin. Ni Cima, autarsa.

Ba rana ɗaya abin ya faɗo ba.
Ciwon ƙeya ya fara aikowa,
Baba ya ce zafin rana ne,
ya tsai da mai tallar ƙwaya, ya sayi ja da fari.
Sai ƙishin da ba ya jin randa,
sai fita bayan ɗaki sau biyar kafin kiran salla.
Inna ta ga tururuwa sun yi cincirindo inda ya tsuguna,
ta share wurin, ta yi shiru.
Shayi kuwa, uku a jere a teburin Ɗan Jimma,
sukari sai ya kwanta a gindin kofi.

Ran da jiri ya kayar da shi a Kasuwar Dole,
majo ya ɗaura masa ƙyalle a damtse,
ya matsa, ya duba, ya sake matsawa.
"Sha tara. Malam, da ƙafarka ka zo?"
Hawan jini, ga sukari ya rufa masa baya.
Aka rubuta magani na kullum, ba ranar gamawa.
Wata guda ya sha, jiri ya tafi,
ya ce mai lafiya ba ya zuba kuɗin hatsi a kantin magani.
Bara na tsinci takardar a aljihun tsohuwar rigarsa,
ta sha wanki, ta dunƙule kamar ƙwallon magarya.

Shekara shida ƙoda na dako ba ta kai ƙara ba.
Halinta ke nan, in ji likita,
ba ta magana sai kaya ya riga ya karya ta.
Ƙafa ta kumbura, takalmin roba ya ƙi shiga,
ka danna da yatsa, ramin ya zauna kamar a malmalar tuwo.
Mai raba wa gari ruwa, ruwa ya ƙi fita daga jikinsa.

Yanzu Litinin da Alhamis muna babban asibiti.
Awa huɗu jininsa na bin tiyo, ya zaga na'ura, ya komo.
Ya dube ta, ya ce, "Cima, wannan ma ɗan garuwa ne,
sai dai ba ya gumi, kuma ya fi ni tsada."
Mun sayar da kura.
Mun sayar da awaki biyu da ɗan filin hanyar Mirya.

Ni ma na miƙa damtsena ran nan.
Sha huɗu, ina da shekara ashirin da shida.
Na rage gishiri, dunƙule ɗaya a tukunya maimakon huɗu,
yayana Lawali yana ta mita wai miya ta zama ta marasa lafiya.
Na ce je ka a auna ka. Ya ce sai bayan salla.

Da la'asar wani yaro ya wuce da kura a ƙofar gida.
Baba ya kasa kunne, ido a rufe.
"Jarkar baya ba ta cika ba," ya ce, "ji yadda take kuka."
Sannan ya ɗaga gorarsa wajen haske,
ya auna abin da ya rage da faɗin yatsa biyu,
ya jiƙa leɓe kawai,
ya ajiye sauran saboda dare.